Tafinta Nomau da Rabin Magani

A zamanin da, an yi wani Sarki mai son a ce ƙasarsa ta fi kowace ƙasa ilmi. Wata rana ya yi umarni a tattara duk magungunan da talakawansa suka sani, a rubuta su cikin littafi guda da harshen fada, ya ɗora wa Wazirinsa aikin. To, Wazirin nan akwai baki, akwai rawani, amma ban da harshen fada ko "sannu" bai iya da wani yare ba. Sai ya ɗauki tafintan fada, wani dattijo siriri mai suna Nomau, suka shiga ƙasa.

Nomau kuwa Allah ya yi shi matsoraci, ko kaza ta kaɗa fiffike kusa da shi sai ya zabura. Amma yana jin harsuna biyar, har da na mutanen kan dutse, don mahaifiyarsa 'yar can ce.

Mutanen kan dutse su ne gwanayen magani, kuma suna da wata al'ada. In baƙo ya tambaye su magani, rabi suke ba shi. Sauran rabin ba ya bi ta bakin tafinta, sai mai nema ya durƙusa da kansa, ya roƙa da harshensu, ya ambaci sunan wanda ya ba shi rabin farko. Nomau ya faɗa wa Waziri haka sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Waziri ya harare shi ya ce, "Ni zan durƙusa wa tsofaffin dutse ina gwaranci? Rubuta abin da suka ce, mu wuce!" Nomau ya haɗiye sauran maganarsa. Littafi ya kammalu, aka yi masa bangon fata, da sunan Waziri kaɗai a kai.

Ba a yi wata biyu ba, idon Sarki ya fara hazo. Aka buɗe littafi, aka sami maganin ido, ruwan wani ganye, aka ɗiga masa. Tirƙashi! Kafin azahar idanun sun kumbura sun rufe ruf, Sarki na cizon hannun rigarsa don kada bayi su ji ihunsa.

Aka kira Waziri. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni abin da tafinta ya faɗa shi aka rubuta. Harshensa ne ya karkace."

Dogarai suka jawo Nomau, takalminsa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hanya. Yana shiga ya hangi Hauni, mai zartar da hukuncin Sarki, tsaye jikin ginshiƙi da 'yar wuƙa a hannu.

Sarki ya ce, "Harshen da ya makantar da ni ba zai kwana a bakin mai shi ba. Kana da magana?"

Nomau ya durƙusa. Da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, maganin gaskiya ne, sai dai rabi ne. Sauran yana wurin tsohuwar da ta ba mu, Zugwai ta kan dutse."

Sarki ya ce, "A ɗauko ta. In ta zo ban gani ba, Hauni ya san aikinsa."

Kwana biyu Nomau ya yi a tsare, ko ruwa ya kurɓa sai ya tuna da abin da yake haɗiyewa da shi. Rana ta uku da hantsi aka shigo da Zugwai, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai dogara sanda. Ta dubi fuskar Sarki, ta yi tsaki, ta faɗi magana gajeriya. Kowa ya juya ga Nomau ana jiran fassara.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ta ce... ta ce ba ta ba wa tafinta sauran maganin. Sai mai ido ya sauko ƙasa ya roƙa da bakinsa, da harshenta."

Waziri ya zabura: "Kun ji rashin kunya! A matse ta, za ta faɗa!"

Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Waziri, sunanka ne a kan littafin. Kai ne masanin. Faɗi sauran, mu sallami tsohuwa."

Waziri ya yi tsuru-tsuru, ya gyara rawani, ya sake gyarawa. Ina! Ko kalma ɗaya babu.

Sai Sarki ya lalubi gefen karaga, ya sauko, ya durƙusa a kan tabarma. Fadawa suka sunkuyar da kai, wasu har rufe ido suka yi. Ya ce, "Nomau, koya mini."

Jama'a, kalmomi tara ne kacal, amma wa ya taɓa gyara wa Sarki magana ya kwana lafiya? Nomau ya faɗi jimlar a hankali, Sarki ya maimaita, ta fito a hargitse. Fadawa, saboda sabo, suka ɗauka gaba ɗaya: "Daidai, Zaki! Daidai!" Zugwai ko motsi ba ta yi ba.

Nomau ya dubi Hauni, Hauni ya dube shi. In ya ce daidai, tsohuwa ba za ta amsa ba, harshensa ya tafi. In ya ce ba daidai ba, ya ƙaryata Sarki a gaban fada. Ya runtse ido ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Sake."

Wani bafade ya ce, "Subhanallahi!" Nomau ya fara kalmar shahada a zuci. Can sai Sarki ya sake faɗar jimlar.

"Ba haka ba ne. Sake."

Sau goma sha ɗaya, wallahi, kuma kowane "sake" sai Nomau ya ji kamar ransa ne ke fita. A na sha biyu jimlar ta miƙe, da sunan Zugwai a ƙarshenta. Tsohuwa ta matso ta dafa kan Sarki, ta ba shi amsa. Yanzu da ya roƙa da kansa, ta yarda tafinta ya fassara: ruwan ganyen ba a barinsa a ido, ana wanke shi nan take da nonon akuya mai ɗumi, a rufe da ɗanyen ganyen na kwana uku.

Aka yi haka. Ranar da aka kwance, Sarki ya ƙifta ido, ya ƙirga yatsunsa, ya ce wa Hauni ya mayar da wuƙarsa kube. Nomau ya zube ƙasa yana kuka kamar yaro, ba kunya.

Sarki ya ce, "Tashi, da saura. Magunguna nawa kuka samo daga kan dutse?"

"Ɗari da arba'in, ranka ya daɗe."

"Nawa ne cikakku?"

Nomau ya ce, "Ban da na ido, ko ɗaya."

Sai magatakarda ya matso, ya ce ai tuni an kwafi littafin an aika garuruwa goma sha biyu. Nan take Sarki ya tashi manzanni su karɓo kowane kwafi kafin wani ya ɗiga wa ɗansa. Ya sa aka kankare sunan Waziri daga bango, aka tuɓe masa rawani, ya yanke cewa Waziri zai hau dutse da ƙafa, ya durƙusa sau ɗari da talatin da tara, ya roƙo kowane rabi da harshen masu shi, a rubuta sunan kowa kusa da maganinsa.

Sa'an nan ya juya ga Nomau ya ce, "Kai kuma tsoron Waziri ya sa ka yi shiru har na kusa makancewa. Na bar maka harshenka, amma ba don ka adana shi ba. Kai za ka koya wa Waziri harshen mutanen dutse. Duk ranar da ya yi kuskure ka ce masa daidai, Hauni na nan."

Nomau ya dubi Waziri, mutumin da harararsa kaɗai ta taɓa rufe masa baki, ya share hawaye, ya ce, "Malam, zauna a ƙasa mu fara."