Kajin Ruwa da Ƙundun Baba Barmo

Akwai wani mai lambu sunansa Faruku, a wani ƙauye da ke bakin gulbi kusa da Gidan Rumji. Idan ruwan damina ya janye yakan bar tabki a wurin, kuma a gefen tabkin ne Faruku ke noman salati.

Gaskiya mutum ne mai ƙwazo, kuma yana ji da mahaifinsa, Baba Barmo. Tun ranar da ya yi aure ya kafa wa matarsa Safina doka: duk kazar da aka yanka a gidan, ƙundunta na Baba Barmo ne. A al'ada maigida ke cin ƙundu, amma shi ya ce muddin tsohon na da rai, ba wani maigida sai shi.

Aibinsa ɗaya. In ya faɗi magana to ta zauna, balle in mai musun ƙaninsa ne ko mace.

Wata shekara kajin ruwa suka addabe shi. Da safe sai ya tarar an tsattsage masa ganyen salati ta wajen bakin ruwa. Ana cikin haka ƙanwarsa Latifa, wadda ke karatu a jami'a a Maradi, ta zo gida da ƴan tarkuna da ƙananan kwalabe. Aikinta ta kama kazar ruwa da rai, ta ɗebi ɗigon jini a fiffikenta, ta sake ta.

Abin nan ya fi komai ƙona wa Faruku rai.

"Ke kam, shekara da shekaru kina karatu a lakol, ashe sakin ɓarayi aka koya miki? Kin kama mai ci mini salati kin sake ta!"

Latifa ta buɗe tarko biyu ta nuna masa.

"Yaya, duba da kyau. Duk baƙaƙe ne, amma ba iri ɗaya ba ne. Wagga mai jan goshi ita ke taɓa ganye. Wagga mai jajayen ƙafafu, ƙwari da dodon koɗi sun fi yawa a abincinta."

"Kazar ruwa kazar ruwa ce."

"A ido ne, Yaya. A cikin jini akwai wasu ƴan zaruruwa da ido bai gani, muna ce musu kromozom. Kowane iri da yadda Allah ya jera mishi nashi. Su nike dubawa, in gane wa ya haɗa kaka da wa, wa ya rabu da wa tun zamani mai nisa."

"Lalle! Kajin ruwa ma har da kakanni."

Baba Barmo na gefe yana yankar wa ragonsa ciyawa, kamar yadda ya saba kowace hantsi. Ya ɗago yana dariya, ya ce, "Ku yi ta musunku. Ni dai na san duka biyun sun yi daɗi cikin miya."

Latifa ta ce, "Yaya, ka yi darni na kara ta bakin ruwa, ka matse shi sosai. Zai rage maka ɓarna."

"Ni za ki koya wa lambu? Tahi ki ƙirga zarenki."

Da ta koma Maradi da kwalabenta, Faruku ya ɗauko maganin ƙwari mai ƙarfi ya jiƙa gero a ciki. Ya san maigari ya hana zuba magani kusa da tabki saboda dabbobi na sha, don haka bai gaya wa kowa ba, ko Safina. Ranar kasuwa, daga sallar asuba ya zarce lambu, ya watsa geron cikin ciyawar bakin ruwa, ya ɗaure salatinsa ya hau mota zuwa Gidan Rumji.

Da hantsi Baba Barmo ya zo da laujensa. Sai ya ga kajin ruwa suna layi cikin ciyawa, sun kasa gudu. Tsoho ya yi murna. Ya bar waɗanda suka riga suka mutu, don mushe ne. Masu sauran motsi kuwa ya yi bisimilla ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a kwando.

"Safina, ɗora tukunya! Yau Allah ya kawo miya har gida."

Ta fige, ta gyara, ta dafa. Ta tsame ƙundunan duka ta zuba a kwanon Baba, kamar yadda mijinta ya koya mata.

Bayan azahar wayar Faruku ta yi ƙara a tsakiyar kasuwa. Muryar Safina ce.

"Ka zo maza. Baba na ta amai, kumfa na fita bakinshi. Ni ma cikina na murɗa. An ɗora shi amalanke za a kai shi likita."

"Mi ya ci?"

"Kajin ruwa ne ya yanko a tabki."

Faruku ya bar salatin nan a ƙasa bai ko waiwaya ba.

Ya tarar da tsohon kwance a likita, jikinsa na karkarwa, idanunsa sun ƙanƙance. Ma'aikacin lafiya yana tambayar mutane wane magani tsuntsayen suka ci, kowa ya ce bai sani ba. Faruku ya buɗe baki a gaban maƙwabta da ɗan maigari, ya faɗi sunan maganin, ya ce shi ya zuba.

An yi abin da za a iya. Safina ta tashi, don nama kaɗan ta ci. Baba Barmo kuwa ana kiran magariba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Latifa ta zo zaman makoki.

Wata safiya yana zagayawa bayan madafa, ya ga ƙafafun da Safina ta yanke ta zubar ranar nan. Sun bushe cikin toka. Ya tsuguna yana juya su da tsinke. Kusan duka jajaye ne.

Ya kira ƙanwarsa a hankali.

"Latifa, waɗannan na masu cin salati ne?"

Ta duba, ta sunkuyar da kai.

"A'a, Yaya."

Bayan makoki ya sari kara ya yi darnin. Ɓarna ta ragu, salati ya yi kyau. Amma har yau in an yanka kaza a gidan, Safina takan tsame ƙundu ta sa a kwanon maigida, ta ajiye gabansa. Faruku yakan dube shi, ya rufe kwanon, ya tashi.

Darasi: Allah bai halicci abu biyu ya bambanta su a banza ba. Kada kama ta ido ta sa ka yi wa mai laifi da marar laifi hukunci ɗaya, kuma kada girman kai ya hana ka jin gaskiya don ta fito daga bakin ƙaramin gida. Cutar da ka watsa a ɓoye ba ta san wanda kake so ba. Ƴan uwa, ku tura wa masu lambu da duk wanda ke taɓa maganin ƙwari, ko Allah zai sa a tsirar da tsohon wani. Allah ya jiƙan iyayenmu.