Gizo da Tsohon Irin Kuɓewa

To, ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara gara ta cinye wa Gizo da matarsa Ƙoƙi irin shuka kaf. Abin da ya rage sai irin kuɓewar marigayiya uwar Ƙoƙi, cikin ɗan gora, ya shekara da shekaru har ya yi tauri kamar tsakuwa. In bai tsiro ba, bana ba miya, irin uwarta kuma ya ƙare ke nan.

Ƙoƙi ta kai wa Kunkuru mai lambu ya duba. Ya ce, "Da ransa, barci yake. A jiƙa shi da ruwan ɗumi, a binne a lema, a ƙyale shi."

Ƙyalewar nan ce ta gagari Gizo. Kun san shi, ƙafa takwas, ba wadda ta iya zama.

Tana dawowa gida ya fizge goran, 'yan ƙwayoyi suka zube bai ko waiwaya ba. Ya shuka kashi ɗaya. Kafin ƙasa ta shanye ruwa ya tono ya duba. Ya mayar, ya zaga, ya sake tonowa, har rana ta soye irin.

Ya zuba kashi na biyu a tafasasshen ruwa, wai ya fi sauri. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, shuka za mu yi ko dahuwa?" Ya ce, "Ke dai zuba ido." Iri ya dahu luguf.

Na uku ya baza a tabarma ya ɗauko ganga, wai mai barci da kiɗa ake tashinsa. Kaza ta iso da 'ya'yanta. "Biki ake, Gizo?" Kafin ya ajiye makaɗi sun tsince tas.

Ƙoƙi ta rungume goran ta yi kuka. Da ina wurin da na taya ta.

Ran nan ta duƙa ɗiban ruwa, sai ga 'yan tsiro shar a gindin randa. Ƙwayoyin da suka zube ne suka gangara cikin lema, inda Gizo bai san da su ba.

Gizo ya miƙo hannu. "Bari in ga saiwar kawai." Ƙoƙi ta ɗaga tsintsiya, ya haye bango da gudu. Har yau yana can kusurwa, yana saƙa yana warwarewa, yana leƙen randa.

Kun ji, jikokina. In ka yi wa abu hidimarsa, ka ba shi lokacinsa. Kai Ɗanlami mai mutsu-mutsu, da kai nake.

Ƙungurus kan kusu, nan na ɗaure ta.