Tallan Turaren Sagiru

Ranar Laraba da hantsi, ana gobe kasuwar Tudun Ƙanya za ta ci, Sagiru mai turare ya kawo wa kawunsa, Sarkin Kasuwa Ɗanjuma, sabon tallansa. Al'adar kasuwar ita ce ba a sa talla a lasifika sai Sarki ya saurara, in ya yi dariya to ya wuce.

Sagiru ya kunna wayarsa. Muryar mace ta ce, "Malam, sakar min mayafi!" Namiji ya ce, "Ba laifina ba ne, ƙamshinki ne." Sai mai shela ya rufe da, "Turaren Sagiru, ba a jiran izini!"

Sarki ya yi dariya har da riƙe ciki. Sagiru ya ce, "Kawu, ya wuce ke nan?"

"Ya wuce, ja'iri."

Akwai wata tsohuwar hasbiya a kan tsamiyar rumfar Sarki, wadda ta daɗe tana ba Sarki shawara. Ta sauko ta ce, "Ranka ya daɗe, irin dariyar Dagacin Gangare ka yi."

Sarki ya share hawaye ya ce, "Wace dariya ya yi?"

Hasbiya ta ce, "Ga yadda aka yi. Wani mai sabulu a Gangare ya sa makaɗi Tanko ya yi masa waƙar talla, a kan saurayin da ya tare mace a hanyar rafi, tana cewa a'a, yana cewa ƙamshin sabulu ne ya ja shi. Sabulu ya yi kasuwa, samari suka haddace waƙa. Wata rana wani ya tare wata mata, Asabe, ya yi mata fin ƙarfi. Da aka gurfanar da shi, sai ya rera baitin nan. Fada ta kwashe da dariya, har Dagaci. Asabe ta ja mayafinta, ta kasa ƙarasa magana, kuma ba ta sake fita rafi ba.

"Kakarta ta je gidan Tanko, ta same shi ya yi tagumi. Ya ce, 'Iya, wasa nake yi, ban taɓa kowa ba.' Ta ce, 'Na sani, ɗan nan. Zauna ka ji labarin Barau mai lambu. Yana da ɗan kwikwiyo, ya koya masa fizgar ƙosai daga hannun mutane. Duk fizga sai a yi tafi, a ce kai wannan da wayo yake. Da kare ya girma, ya fizge daga hannun wata ƙaramar yarinya, ya haɗa da yatsunta. Barau bai ciji kowa ba, amma shi ya koya wa kare cewa in ya fizga ana murna.' Tanko ya rataye kalangunsa, ya bi ta don ya roƙi Asabe gafara.

"To, ranka ya daɗe, waƙar Tanko da baki ta yaɗu. Naku tallan kuwa lasifika za ta kai shi har bakin rafi."

Sarki ya juya ya dubi Sagiru. Sagiru ya ce, "Wallahi kawu, raha ce kawai. Shagona ne ya kwana biyu ba ciniki."

"Na yarda, ai ni ma na dara. Wa ta yi muryar macen?"

"Hindatu ce, ƙanwata."

"Ita ta yi dariya?"

Sagiru ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ta ce ba ta so. Sai da na matsa mata."

Sarki ya dubi hasbiya ya ce, "Kin yi gaskiya, dariyata ba ma'auni ba ce." Ya dafa kafaɗar Sagiru ya ce, "Goge shi. Ka je ka ba ƙanwarka haƙuri, ka dawo mu zauna tare mu yi wani."

Washegari lasifika ta faɗi sunan turaren da ƙamshinsa da layin da shagon yake. Daga ranar, matan rumfar hatsi ke fara sauraron kowane talla kafin Sarki.