Dami Ukun Inna Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwa a buɗe suke.

A wani gari an yi wata mata, Inna Tasalla. Mijinta ya mutu ya bar ta da gandu da yara biyu, Barmo da ƙanwarsa Shekara. Ba ta tsaya neman mai tausaya mata ba. Sai ta goya Shekara, ta ja hannun Barmo, ta saɓa fartanya. Haka ta riƙe gidan nan har furfura ta cika kanta, har jikoki suka cika tsakar gida.

Tana da wani irin gero da ta gada wurin tsohuwarta. Gajere ne, ba shi da ado, amma yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke ya riga ya yi ido. Kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gona, sai ta shiga ita kaɗai ta zaɓi zangarniya mai nauyi. Ta ɗaura dami uku, ta rataye a rufin ɗakin girki, inda hayaƙi ke korar ƙwari. An yi wata shekarar yunwa da ta ci tafasa har idonta ya faɗa, damin nan na reto bisa kanta, ba ta taɓa ko ƙwaya ba. In ruwan shuka ya sauka, sai maƙwabta su zo da ƙoƙo, ta ɗiba musu tana musu faɗa.

Ranan nan, bazara ta yi nisa, sai Inna ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Barmo ya yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, ban ɗauke masa wannan ba. Yana son uwarsa. Sai dai akwai abin da yake so kusan haka, wato a faɗi sunansa a bakin kasuwa.

To, a kan kukar ƙofar gidan akwai wani hankaka. Duk tsawon rayuwarta Inna jifansa take yi da hoge, bai taɓa ɗanɗana komai nata ba. Da ya ji an kai ta, sai ya sauko yana jan ƙafa, wai shi ma an yi masa rashi.

Ya ce, "Maigida, Allah ya jiƙan Inna. Me za a raba a sadakar uku?"

Barmo ya ce, "Geron rumbu ya ƙare, dawa ta rage. Zan sai da akuya in auno gero a kasuwa a yi gumba."

Hankaka ya ce, "Geron kasuwa? A sadakar Tasalla? To, kai ka sani. Ni dai na ga wani gero a ɗakin girki, kowace ƙwaya tana sheƙi. Ai babbar mace da babban hatsi ake raka ta."

Barmo ya ji maganar ta shige shi. Sai ya ɗauko tsani. Shekara ta tare ƙofa ta ce, "Yaya, iri ne fa."

Ya ce, "Uku ne. Ɗaya zan ɗauka."

Aka sussuke, aka surfe, aka jiƙa, aka daka gumba da zuma. Mutane suka ci suna lashe yatsa, suna cewa Tasalla ta haifi ɗa. Barmo yana zaune kan tabarma, kai sunkuye kamar mai jimami, kunne kuwa a miƙe.

Sadakar bakwai ta matso, sai ga hankaka. Ya ce, "Maigida, gari ya ɗauka. Sai dai wasu na cewa wai ƙarfinka ya ƙare a ta uku. Ni na ce musu ƙarya ne."

Ba wanda ya faɗi haka, sai shi mai farin ƙirjin. Amma Barmo bai tambayi su wa suka faɗa ba. Sai tsani. Shekara ta ce, "Yaya, Inna ta ci tafasa ta bar damin nan."

Ya ce, "Don ita nake yi. Ke ba ki san darajar uwa ba."

Ku ji fa. Wadda ta yi jinyar Inna, ta wanke ta, ita ce ba ta san darajar uwa ba. Shekara ta kauce tana hawaye, dami na biyu ya shiga turmi.

Ana gab da arba'in, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Barmo ya shiga ɗakin girki, ya ɗaga kai ya ga dami ɗaya baƙi ƙirin da hayaƙi, ga ƙullin da hannun Inna ya yi. Ya ce a ransa wannan kam ba zai taɓa ba. Yana fitowa sai ya yi kiciɓis da hankaka.

Hankaka ya ce, "Na ji mutanen ƙauyuka bakwai za su zo, har da maroƙa. Wanda bai samu ta uku da ta bakwai ba ya ce sai ya ɗanɗani geron Tasalla. In ce musu su yi zamansu a gida?"

Barmo ya ce, "To irin shuka fa?"

"Haba Maigida. Gari duk geronta suke shukawa. Wa zai hana ka ƙoƙo ɗaya?"

Wannan karon Shekara ba ta tare ƙofa ba. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, bar mini zangarniya biyar kawai."

Ya ce, "A ce na yi wa uwata sadaka da ragi?" Ya sa aka sussuke duka a gabansa.

Aka yi taro, maroƙa suka wasa shi har hularsa ta karkace. Hankaka ya ci gumba har tashi ya gagare shi. Baƙi suka watse, aka kife turame, washegari ruwan shuka ya sauka.

Barmo ya ɗauki ƙoƙo ya shiga gari. Gidan farko suka ce, "Yanzu muke shirin zuwa wurinka." Gida na biyu suka ce sun cinye nasu tun sanyi. A gida na uku wani tsoho ya ce, "Ɗana, me zai sa mu ajiye iri, Tasalla na ajiyewa? Na zaci gumbar nan daga rara ka yi."

Barmo ya ce, "Kun ci kuna yabo, ba wanda ya tambaya."

Tsoho ya ce, "Ta yi daɗi kuwa."

Gari guda, ga gemu ga rawani, an rasa mai tafin hannu ɗaya na iri. Barmo ya koma gida ya durƙusa inda aka yi daka, yana tone ƙasa da farce. Kaji sun riga shi. Abin da ya samu tsaki ne, fasassun ƙwayoyi, ya ƙulle a bakin riga ya kai gona ya binne. Kullum sai ya je ya tsuguna a wurin, ba abin da ya tsiro sai ciyawa. Sauran gonar ya shuka geron kasuwa mai dogon kara. Ya yi tsawo, ya yi kyau, yana fitar da kai ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Jikokin Inna suka koma tsinkar tafasa, rufin ɗakin girki kuwa babu komai sai kunkunniya.

Yana tsaye cikin busassun karan nan, sai hankaka ya sauka a kan ɗaya, ya gyara fiffike, ya ce, "Maigida, me za a raba a sadakar cika shekara?"

Barmo ya sunkuya ya ɗauki hoge ya jefa. Bai ko iya jifa irin na Inna ba.

To, kun ji. In tsohuwarku ta bar muku abin da ta sha yunwa tana tsaronsa, ku tsare shi, shi ne tuna ta. Masu cin gumba su ci ta kasuwa, ba za ta shaƙe su ba.

Kurunkus, na kife ƙwaryata, kowa ya kama gabansa.