Na'urar da Sola Ta Tona wa Asiri

"Wai ita na'urar ciki gare ta, da kuke ta cewa ta cika?"

Tasalla na tankaɗe a tsakar gida ta jiyo surukarta, Iya Kuluwa, tana yi wa Malam Jafaru wannan tambaya. Ba ta ɗaga kai ba, amma ta kasa kunne, don ita ma abin ya kwana biyu a ranta.

Mijin nata, Malam Jafaru, a shagon ƙofar gida ofishinsa yake. Na'urarsa ta kwamfuta ce ke tura saƙon waya ga masu ba da jini duk sa'ad da wani asibiti a yankin ya nema. Shekara biyu tana aiki lafiya lau, sai ga ta ta fara sumewa duk bayan kwana uku. Matasa uku ke koyon aiki a wurinsa, Haladu da Nafi'u da Murja, kujerar aiki kuwa ɗaya ce tak. Ya ce musu wanda ya warkar da ita shi zai zauna, sauran biyun su nemi wani wuri.

"Ƙwaƙwalwarta ce ke cika, Iya," in ji shi. "Abin da ke cika ta ne ba mu sani ba."

"To ku rage mata abinci mana," Iya ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.

Tasalla ce ke kai musu abincin rana, don haka a idonta aka yi komai.

Haladu ba mai magana ba ne. Takarda ya manna a bango, duk awa ya rubuta inda cikar ta kai. Ya ga kullum sama take yi, ba ta taɓa sauka ba. Sai ya bi kwanaki baya, ya tarar sumar ta fara ne a makon da aka sa wa ofis sola. Ashe ciwon na nan tun ranar farko. A da ana ɗauke wuta sau biyu, sau uku a yini, na'ura ta mutu ta farfaɗo da ƙwaƙwalwa wayam. Da wuta ta zauna, sai abin ya sami damar taruwa. Ba don Haladu ba, da sabuwar na'ura za a saya, ita ma ta sume.

Nafi'u ya ɗora daga nan. Ya zauna ya bi rahoton da na'urar ke ajiyewa layi-layi, har idonsa ya yi ja. Kafin ta tura saƙo, dole ta gabatar da kalmar sirrin asibitin ga kamfanin da ke isar da saƙonni. Ya gano akwai wani ƙaramin asibitin ƙauye da kalmarsa ta tsufa: na'ura ta miƙa, a ƙi karɓa, ta sake miƙawa, haka yini guda. Lambar wayarsu ba ta shiga, sai ya hau babur cikin ruwan sama ya je. Ya tarar jami'in da ya canza kalmar an yi masa canjin wurin aiki tuntuni, ya bi shi har garinsu ya karɓo sabuwar kalmar. Daga ranar lambobin Haladu suka tsaya cik.

Murja ta ce ba a gama ba. "Gobe wani ya canza tasa, Nafi'u, sai ka sake hawa babur?" Ta buɗe rubutun manhajar, ta nufi daidai inda ya nuna. Kowane yunƙuri yakan ari wuri a ƙwaƙwalwa. In an karɓi kalmar, ya mayar da wurin. In an ƙi, ya tafi ya bar shi a riƙe. Layi huɗu ta gyara, ta yadda ko an karɓa ko an ƙi sai an mayar, kuma bayan ƙi uku na'ura ta daina naci ta sanar da su. Ta sa kalmar ƙarya da gangan ta gwada, yini biyu ƙwaƙwalwar ko gezau.

Na'ura ta warke, Malam Jafaru ya shiga uku. Ran nan ya tura kwanon tuwo gefe ya dubi matarsa.

"Tasalla, ke da kike ganinsu kullum, wa kika gani?"

Suna ɗaya ya zo mata har bakin harshe. Amma ta san mijinta: abin da ta faɗa shi zai ɗauka, mutum biyu su kwashe kayansu a kan maganarta.

"Malam, ni me na sani game da na'ura?" ta ce, ta ɗauke kwanon. Ta ƙudura a ranta ko mahaifiyarta ba za ta ji sunan nan ba.

Ita dai ta ja bakinta. To ku fa, tsakanin Haladu da Nafi'u da Murja, wa za ku zaunar a kujerar?