Bushiya da Tsohon Surin Damo

An yi wata Bushiya a bakin wata fadama, wadda ba ta iya yin abu sai ta juya shi a zuciya ta sake juyawa. Ko ruwa za ta sha, sai ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta kuma duba gabas. Maƙwabta suna yi mata dariya, ita kuwa ta kasa sake hali.

Tun da aka yi mata aure, ita da mijinta suke raɓe a ramin gwaggonta. Ramin ƙarami ne, ga shi kowa da ƙayarsa. In wannan ya juya sai ya soki wancan, wancan ya zabura ya soki na kusa da shi.

Da rani ya yi nisa, mijin ya tafi ci-rani. Ya bar mata tulu guda na busasshiyar fara da suka daɗe suna tarawa, ya ce ta nema musu gida da ita kafin ya dawo. Bayan tafiyarsa ne ta gane tana da ciki.

Gwaggo ta ce mata, "'Yar nan, ba korarki nake yi ba. Amma dubi ramin nan da idonki. Ina za a kwantar da jarirai?"

Bushiya ta san jaririn bushiya ba ya jure jiƙa. In ruwan farko ya same shi a waje, ko a ramin da ke yoyo, da wuya ya ga na biyu.

To, a lokacin akwai wani tsohon Damo da zai koma bakin kogi wurin 'ya'yansa, yana neman mai sayen gidajensa biyu. Damo ba ya ƙarya. Amma abin da ba a tambaye shi ba, ba ya faɗa.

Na farko wani tsohon suri ne, irin tudun nan da gara ke ginawa. Dogo ne, da tsinaye a samansa kamar gidan attajiri, da zaure, da ɗakuna, da wata 'yar taga mai kallon gabas. Sai dai ya tsage daga sama har kusa da ƙasa, kuma ɗaya daga cikin itatuwan da Damo ya tokare rufin da su ya lanƙwashe.

Na biyu tsohon ma'ajinsa ne a ƙarƙashin saiwar tsamiya. Ɗaki ɗaya ne, bakinsa ya rufta, ƙasa ta cika rabinsa. Bushiya ta leƙa sau ɗaya ta kau da kai.

Surin ne ya shiga ranta. Ta tsaya a gaban tagar nan, ta ga inda rana za ta riƙa sauka kan 'ya'yanta da safe, har ta ji ƙwalla.

Sannan ta fara tambaya. Tsagar nan yaɓe zai riƙe ta? Damo ya ce ya sha riƙewa. Maciji ya taɓa shiga? Ya ce sau ɗaya, kuma bai fita da rai ba. Wa ya gina wurin tun asali? Ya ce gara.

"To, Baba, ina garar take yanzu?"

"Da rani dai ban taɓa ganinta ba."

"Da damina fa?"

"Da damina ina bakin kogi, 'yata. Ba zan ba da shaidar abin da ban gani ba."

Bushiya ta kara kunnenta a ƙasa. Ta ji kamar wani motsi can ƙasa, siriri, irin na yayyafi daga nesa. Ta ɗago, ta sake karawa, ba ta ji kome ba. Ta rasa ko ƙasar ce ke motsi ko zuciyarta.

Duk da haka ta taya. Damo ya ce albarka, wato bai sayar a haka ba. Ta ƙara, har ta kai ga tulun gaba ɗaya, ya ce ya kusa yarda. Sai ta fita ta ɗauko busasshen karan dawa, ta ajiye a tsakar ɗakin da ya fi zurfi, ta roƙe shi ya ba ta 'yan kwanaki, kada kowa ya taɓa karan.

Damo ya dubi sama. Ya ce zai jira iyakar iyawarsa, amma yana so ya haye kafin kogi ya kawo ruwa.

Kwanakin nan Bushiya ba ta ji daɗin abinci ba. Ta je wurin Zanzaro magini, ya ce aikin yaɓe ya yi masa yawa, sai dai ta shiga layi. Gwaggo ta ce ta saya ta huta, gida ai gida ne. Wata maƙwabciya ta ce ita ko kyauta aka ba ta ba ta so. Wata kuma ta ce in ta yi sake, wani zai riga ta. Duk wadda ta yi magana, sai Bushiya ta ga ita ce mai gaskiya.

In ta saya surin ya faɗo musu, ta kashe 'ya'yanta da hannunta, ta kuma salwantar da wahalar mijinta. In ta ƙi saya, ruwa ya same su ba gida. Kullum da yamma hadari yana ƙara matsowa daga gabas, ciki kuma yana ƙara nauyi.

Akwai wani Kurege a unguwar, saurayi mai rumbun gyaɗa da yawa, wanda ba ya son a ce wani ya fi shi kome. Aurensa ya matso, shi ma yana neman gidansa na fari. Da ya ji Bushiya na cinikin suri mai tsinaye, sai abin ya tsaya masa a wuya.

Kowa a fadamar ya san ba a shiga cinikin wani sai masu cinikin sun rabu. Kurege ma ya sani. Ya sa aka ɗauko masa tulu biyu na fara, ya dire a gaban Damo.

Damo ya ce akwai cinikin yarinyar nan a kai.

Kurege ya ce, "Ta biya?"

"Ba ta biya ba."

"Ta ce ta saya?"

"Ta ce in jira."

"Jira ai ba ciniki ba ne, Baba. Waccan in ka biye mata, sai ka tsufa sau biyu."

Damo ya dubi tulunan, ya dubi hadari, ya ce ya sallama. Ban ce ya kyauta ba. Tsoho ne mai tsoron cikar kogi, shi ke nan. Kurege kuwa bai yi masa tambaya ko ɗaya ba, ko ɗakunan ciki bai shiga ba.

Da Bushiya ta zo duba karanta, sai ta tarar da Kurege yana shara yana waƙa.

Ta ce, "Kurege, cinikina ka shiga?"

"Cinikinki? Uwar tsoro, ke da ke ciniki da kara? Ga shi can na watsar miki, ki ɗauka ki je ki gina gida da shi."

Ta je ta ɗauki karan. Wata siririyar ƙasa ta lulluɓe shi daga kai zuwa gindi. Ta matsa shi kaɗan, sai ya marmashe, ba kome a ciki.

Ta koma ta nuna masa. Ta ce gara na nan da ranta, ta sauka ƙasa ne neman danshi, in ruwa ya zuba za ta hau.

Kurege ya yi dariya har jelarsa na rawa. Ya ce da ita ta samu gidan ai da ba ta ga gara ba, sai da ya kuɓuce mata. Ya ce ta kama hanya, ƙayarta na ɓata masa shara.

Bushiya ta tafi tana kuka. Ko da karan a hannunta, zuciyarta ba ta kwanta ba. In garar hanya ce fa ta ci ta wuce? In tsoronta ne kawai ya raba 'ya'yanta da ɗaki mai taga fa? Me za ta gaya wa maigida?

Ba ta da sauran lokaci. Ta riski Damo yana ɗaure kaya, ta ce ya sake nuna mata ma'ajin gindin tsamiya. Wannan karon ta shiga da rarrafe, ta taɓa ko'ina. Rufin saiwa ce mai rai, ba abin da zai ci ta. Ƙasan a bushe yake, kuma ya fi hanyar ruwa tudu. Ta kara kunne ta daɗe, shiru. Aibinsa a fili yake: baki ya rufta, ƙasa ta cika ciki. Ta dubi faratanta, ta ga wannan aikinsu ne.

Damo ya karɓi rabin tulun, ya bar mata rabi, bai iya haɗa ido da ita ba.

Ta yi ta tono, tana fitar da ƙasa, tana hutawa, tana komawa. Faratanta suka dushe. Ta tayar da ɗan dakali a bakin ramin don kada ruwa ya gangaro ciki. Ta ja busassun ganye ta shimfiɗa.

In ta ɗaga kai, tana hango Kurege yana shafa wa zaurensa farar ƙasa, yana zana masa ado. Ya toshe tsagar da laka sama-sama. Ya kwaso gyaɗarsa duka ya zuba a ɗakunan ciki, ya shimfiɗa sababbin tabarmi. Masu wucewa suna tsayawa su yaba. Ramin Bushiya kuwa ba wanda ya san ma akwai shi.

Ta haihu ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Ran da ya sauka, da la'asar ne, da iska mai ƙarfi. Bushiya ta rufe jariranta da cikinta, ta kafa wa rufin ido. Can sai ɗigo ya fara a kusurwa ɗaya. Ta janye 'ya'yan gefe, ta tara sakaina, ta jira ɗigo na biyu ya ɓullo a wani wuri. Ta jira har ruwa ya ɗauke. Bai ɓullo ba.

Washegari mijin ya iso a jiƙe. Sai da ya sunkuya kafin ya shiga. Ta fara ba shi labarin surin da ya kuɓuce. Shi kuwa ya shafa ƙasar da 'ya'yan ke kwance a kai, ya ji ta a bushe.

Ya ce, "Madalla da ke." Ya fita neman laka don kusurwar nan.

A surin kuwa, ƙasa na jiƙa gara ta hau. Ta fara da tabarmi. Ta bi itatuwan da ke tokare da rufi, ta cinye cikinsu ta bar ɓawo. Ta shiga gyaɗa. Duk ƙofar da Kurege ya buɗe da safe, kafin yamma an liƙe ta da laka. 'Yar tagar nan ta gabas ita aka fara liƙewa.

Dangin amarya suka zo ganin ɗaki don jere, suka leƙa, suka koma da kayansu. Ruwa na uku ya buɗe tsagar, rufin zaure ya zube a kan sauran gyaɗar.

Kurege ya bi Damo har bakin kogi, ya tsaya daga wannan gaɓa yana zagi, yana cewa an cuce shi.

Damo ya ce, "Me ka tambaye ni na ɓoye maka?"

"Da na tambaya fa?"

"Da na ce maka ban sani ba, mu jira karan yarinyar nan."

An riga an sallama, ba komawa. Kurege ya juyo, jelarsa na jan laka, ya zarce gindin tsamiya. Ya yi sallama da ladabin da ba a san shi da shi ba, har yana ce wa Bushiya Yaya.

Ya ce ya zo da alheri ne. Ya san ranta na kan surin tun farko. Su yi musaya, ta ba shi ɗan ramin nan, ya ba ta babban gida, ba sai ta ƙara masa kome ba. Ai su bushiyoyi ma suna cin gara.

Mijin ya dubi matarsa. Ga mamakinsa, ba ta dubi gabas ba, ba ta dubi yamma ba.

Ta ce, "Albarka."

Kurege ya ƙarasa daminar a kogon wata bishiya mai yoyo, yana tari. Surin kuwa ya koma hannun masu shi na asali. Duk yammar da aka yi ruwa, gara masu fukafukai suna fitowa daga jikinsa, Bushiya ta kai 'ya'yanta gindinsa su ci su ƙoshi, su koma gida.

Amma an ce har ta tsufa, in ta zo wurin, sai ta ɗaga kai ta dubi inda tagar nan take a da. Ba ta taɓa samun ɗakin da rana ke shiga da safe ba. 'Ya'yanta dai duk sun rayu.

Darasin da za mu ɗauka a nan, yara, shi ne: in za ku sayi abin da ke bukatar gyara, ku bambanta aibin da ido ke gani, wanda hannunku zai iya gyarawa, da aibin da ke kwance a ƙasa yana jiran ruwa. Ku tambaya, ku gwada, ko da za a yi muku dariya, ko da jiran zai raba ku da abin da kuke so. Kuma kada kwaɗayi ya kai ku cikin cinikin wani, domin wanda ya ƙwace abu da gaggawa, har da ɓoyayyen aibinsa yake ƙwacewa.