Fim Ɗin da Aka Haɗa Don Malam Haladu

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, ga wata magana da za ku raba mana gardamarta.

A Gusau an yi wani tsohon tela, Malam Haladu, wanda ya shekara arba'in da huɗu tare da matarsa Kubura. Ranar da ta rasu bai yi kuka ba. Ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, kowa ya ce masa ya haƙuri sai ya ce da godiya, har mutane suka riƙa yaba masa, wai namiji ke nan. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, jama'a suka watse. Daga nan ya shige ɗaki ya zauna, ya daina magana, ya daina cin abinci. Ba fushi yake da kowa ba. In an ajiye masa kwano sai ya dube shi kamar kayan maƙwabta, don ba ya jin yunwa, ba ya jin baƙin ciki, ko tsoron mutuwar ma ba ya ji. Kafin arba'in rigunan da ya ɗinka wa kansa sun yi masa yawa. Likita ya ce bai ga wata sabuwar cuta ba, amma in aka ci gaba a haka tsohon ba zai ga wata mai kamawa ba. Aka yi rubutu, liman ya zo ya yi nasiha, Malam Haladu dai gyaɗa kai kawai yake.

'Ya'yansa uku ne, kuma duk harkar finafinan ban tsoro suke yi, sana'ar da bai taɓa sa wa albarka da zuciya ɗaya ba. Ƙasimu, ɗan fari, shi ke ɗaukar hoto da haɗa sauti. Lurwanu ɗan barkwanci ne. Hansatu, autarsu, ita ke rubuta labari. Da dabara ta ƙare musu, sai suka koma ga abin da suka iya. Kwana tara suka yi suna haɗa ɗan gajeren fim a wani kango, kuma duk kwana taran da faɗa suka yi su, in sun dawo tsakar gida uban yana jiyo su daga ɗakinsa. Ƙasimu ya ce shirmen Lurwanu zai kashe tsoron. Lurwanu ya ce tsoron zai kashe tsohon. Hansatu ta ce su biyun duk hayaniya ce. Babu wanda ya yarda a yanke nasa, sai aka bar komai yadda yake.

Wata ranar Laraba bayan la'asar suka saki labule, suka tallabo shi zuwa falo, suka kunna.

Aikin Ƙasimu ne ya fara. Gida ne babu kowa, rana tsaka, lokacin da ake hana yara gilmawa ta kango. Babu kiɗa, babu magana. Can sai ƙarar daka ta taso daga madafa, a hankali, ga turmi ga taɓarya a jingine, babu mai riƙe da ita. Ƙasimu ya ja shirun nan har ya ishi kowa, sannan inuwar mace ta gitta ta bayan ƙyaure. Malam Haladu ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya ji wani abu na dukan ƙirjinsa, sai da ya ɗan jima kafin ya gane zuciyarsa ce. Ya damƙe hannun kujera. Rabon da ya ji wani abu a jikinsa tun ranar jana'iza. Amma fa Ƙasimu ya san uban yana da hawan jini, ya kuma yi hakan da gangan. Numfashin tsohon ya fara sarƙewa, ya yunƙura zai tashi ya koma ɗakinsa.

Nan Lurwanu ya faɗo cikin fim ɗin, ya fito a boka mai ƙaton ciki da layu har wuya, yana cika baki cewa ya kori aljanun da suka fi wannan gemu. Yana sa ƙafa a tsakar gida sai taɓaryar ta nuna takalminsa, ta nuna sharar da aka yi. Boka ya tuɓe takalmi yana ba da haƙuri, ya zura da gudu, sannan ya dawo a sanɗa don ya ji ƙamshin miya. Haka Kubura take yi wa duk wanda ya taka mata shara, ko hakimi ne. Dariya ta kuɓuce wa Malam Haladu, wata busasshiyar dariya mai haɗe da tari, ƙirjinsa ya saki, ya koma ya zauna. Daga baya dangi sun zagi Lurwanu, suka ce ya mai da halin mahaifiyarsa abin wasa tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.

Rabon Hansatu shi ne mafi gajarta. A nan aka gane fatalwar ba cutar da kowa ta zo yi ba. Mijinta ne ba ya cin abinci, ita kuma ta kasa tafiya. Kullum sai ta dafa, ta ajiye kwano a bakin ƙofarsa, ta tsaya daga nesa tana jira. Hansatu ba ta ɗauko 'yar wasa ta yi muryar ba. Wani tsohon saƙon murya ta tono a wayarta, wanda uwar ta manta ba ta kashe ba, ta juya tana yi wa mijinta magana, Hansatu kuma ta sa shi a fim ɗin ba tare da ta shawarci kowa ba, har yayyenta. Sai ga muryar Kubura a falon, da 'yar gajiyarta ta yamma:

"Malam, ka taso mana. Tuwon nan zai huce."

Malam Haladu ya kifa fuska a tafin hannu ya yi kukan da bai yi ba kwana hamsin, kuka mai sauti, a gaban 'ya'yansa, har da ɗan farin da ko sunansa ba ya faɗa don kunya. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Da ya lafa, ya share fuska da hannun riga ya ce, "Akwai sauran tuwo?"

Ya ci, ya rayu, amma bai koma yadda yake ba. Yunwar ta riga ta taɓa masa ƙoda. Likita ya ce kada a sake barinsa shi kaɗai a gidan nan, kuma jikinsa ba zai ɗauki zirga-zirga ba, duk inda aka kai shi a nan zai ƙarasa kwanakinsa. Ƙasimu yana Kaduna, Lurwanu yana Jos, Hansatu tana Kano, kowa ya gyara masa ɗaki, har mijin Hansatu ya zo da kansa ya durƙusa yana roƙo. Tsohon ya ce zai bi wanda ya dawo da shi duniya, yana zaton magana ce mai sauƙi.

Da safiyar tafiya aka fito da jakarsa ƙofar gida, motoci uku suna jere. Ya tsaya da sandarsa yana lissafi. Ba don tsoron ba, da bai farka ba. Ba don dariyar ba, da ya tashi kafin ƙarshe, ko zuciyar ta tsaya. Ba don muryar ba, da ya tsorata ya yi dariya ya koma ɗaki da yunwarsa. Ya san duk motar da ya shiga, biyu za su juya gida da kujera babu kowa, kuma da wuya su sake ganinsa sai a kwance. Ya ji tausayinsu ya kama shi, ya rasa motar da zai nufa.

To, ku da kuke zaune, motar wa ya kamata Malam Haladu ya shiga?